Baƙo a Bakin Shinge

Mu da muke zaune a ƙasar Gobir, tsakanin Sabon Birni da Isa, mun san yadda iyakar nan take. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layinta, suka bar Tsibiri a wancan gefe, Sabon Birni a wannan, alhali kuwa Gobirawa ne nan da can. Akwai wanda gonarsa tana Nijeriya, surukansa suna Nijar. Da kaka ta wuce sai samarin jihar Maraɗi su gangaro cin rani, waɗansu ga-ruwa, waɗansu dako, da damina su koma gida.

Amma 'yan bindiga sun ɓata wannan zama. A watan Mayu na 2020 sun faɗa wa ƙauyukan Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. Sa'ad da taimako ya yi nisa, sai samari suka ɗauki bindigar toka da adda, aka ce da su 'yan sa-kai. Ba mu raina su ba, gama 'ya'yanmu ne, sau da yawa kuma saboda tsaronsu muka sami barci.

Abin da yake damunmu shi ne shingen da sukan kafa a hanya. Sai a tare matafiyi, a ce, "Daga ina? Ina katinka?" Talaka ɗan cin rani kuwa sau da yawa ba shi da kati. Daga nan sai a shiga duban fuskarsa da jin harshensa. Da idonmu mun ga samari biyu daga Nijar a ɗaure gindin bedi tun hantsi har la'asar, ba abin da aka samu a buhunsu sai tabarma da garin rogo. Wata tsohuwa ta gidanmu ce ta kai musu ruwa, ta ce wa mai tsaronsu, "Ɗana, ka kira mai gari." Da mai gari ya zo ya tambayi asalinsu, ashe ya san kakan ɗayansu. Da ba a kira shi ba fa?

Mun ga inda irin wannan take kaiwa. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa. Ba a jima ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a nan ƙasarmu, kusan mutum 20 suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar. Hukuncin bakin hanya bai tsare kowa ba, sai ƙarin marayu.

Mu tuna kuma mu ma mun zama baƙi. A 2019 mutum dubbai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi, da yara a baya, da tukwane a ka. Mutanen ƙauyukan Gidan Runji suka buɗe musu gidajensu, suka raba hatsinsu da su, ko da yake rumbunansu ba a cike suke ba. 'Ya'yan waɗannan mutane ne ake ɗaurewa a shingenmu. Yusufu da Maryamu ma sun ƙetare iyaka zuwa Masar da jariri a hannu, suna gudun takobi.

Saboda haka, 'yan'uwa, aikin yana farawa daga gida. In ɗanku yana cikin masu tsaron gari, ku zaunar da shi ku faɗa masa: wanda ake shakkarsa, a kai shi gaban mai gari ko 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Kada a taɓa kuɗin guzurinsa, kada a hana shi ruwa. In kuwa muka ga an taru a kan baƙo, kada mu ja bakinmu mu wuce. Allah ya ba mu ƙarfin zuciya, ya maido da salama a ƙasar Gobir duka, nan da ƙetare.