Dagen Kanada da Hanyar Mota

In matafiyi ya nufi Kamloops, a lardin Biritish Kolombiya can yammacin Kanada, zai ratsa busassun tuddai masu ciyawa. Irin wannan fili bai kai kashi 1 cikin 100 na lardin ba. Nan ne gidan wata dabba, 'yar'uwar dagen ƙasarmu, gajeriya, mai faɗin baya, da farin zane a goshi. Da dogayen farata take haƙo kurege daga rami. In ta bar raminta, mujiya da macizai su gaje shi.

A shekarar 2000 masanan Kanada suka sa ta cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Gonaki da gidaje sun cinye filin, amma babbar makashiyarta mota ce, musamman a watannin Yuli da Agusta, lokacin barbara, sa'ad da take yawo nesa. An lura cewa inda kwalbatoci suke da yawa, takan bi ƙarƙashin hanya ta tsira.

'Yan'uwa, Allah ya sa Adamu a gona domin ya kiyaye ta. Amanar nan tana wuyanmu, har da mai shata hanya.