Mai Saifar Ballarò da Ya Ƙi Karɓar Kuɗina

Shekara talatin da ɗoriya ina kan hanya tsakanin Kumasi, Lome, Kwatano da Kano, amma ban taɓa yin tafiyar da babu kaya a cikinta ba sai bara. Yaron wajena da ke aiki a wata masana'antar tayil a arewacin Italiya shi ya matsa sai mun zo, ni da Hajiya. Da muka kwana biyu a wurinsa sai ya ce, "Baba, na ɗauki hutu, Sisili za mu je ku ga teku." Sisili ita ce tsibiri mafi girma a Tekun Bahar Rum, kuma shi ma bai taɓa taka ta ba. Mu uku baƙi, ga shi an ce baƙo ko da ido makaho ne.

Daren farko a Palermo, babban birnin tsibirin, mun fito neman abinci ana gama Magariba. Sai muka tarar yawancin gidajen abinci a rufe, domin mutanen nan ba sa zaman cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8. Waɗanda ke buɗe su ne na bakin babban titi, masu hotunan abinci a allo da yaro a ƙofa yana kiran masu wucewa da Turanci. Yaron nawa yana son ya fita kunyar iyayensa, sai ya ja mu ciki. Muka ce a kawo gasasshen kifi ganin farashin da sauƙi. Da takardar kuɗi ta zo, ashe abin da aka rubuta kuɗin giram 100 ne, su suna ce masa "etto", kifin kuwa ya haura kilo. Aka ƙara da "coperto", kuɗin zama da burodi da ake ɗora wa kowane kai, wanda shi ba cuta ba ne, al'adar ƙasar ce. Kifin kuma ya sha firij har ya gaji. Na ga fuskar yaron ta canza lokacin da yake biya. Kuɗin guminsa ne na watanni, kuma saura kwana shida.

Da muka koma masauki Hajiya ta ce, "Alhaji, kai da ka san mai tuwon kirki a kowace tasha daga nan har Agadas, yau kai ne za a yi wa haka?" Maganar ta shige ni. A Kejetia ba na tambayar ɗan kamasho inda ake cin abinci. Ina duba inda direbobi da 'yan dako suke layi ne. To me ya hana ni yin haka a nan?

Washegari da safe na ce a kai ni kasuwa. Ballarò na cikin tsofaffin kasuwannin Palermo, tare da Capo da Vucciria. Ina shiga na ji kamar na dawo gida: 'yan kifi suna kwarara kira da waƙa, ruwan ƙanƙara yana bin ƙafa, ga Bangaladesh da 'yan Tunisiya da shagunansu, ga 'yan Gana da Najeriya da Gambiya, har doya da manja na gani. Ba abin mamaki ba ne kasuwar ta yi kama da namu. Musulmi sun shigo Sisili a shekarar 827, suka ci Palermo a 831, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. Sun tafi amma sun bar sawunsu a tukunya.

Can na hango layi na mutanen gari zalla, har da masu kayan aiki, a gaban wani dattijo mai faffadar tukunya a karkace. Yana tsamo yankakken nama yana matsewa cikin burodi, ya ɗiga lemon tsami. Yaron ya tambaya aka ce saifa ce da huhun maraƙi, "pani ca meusa", abin alfaharin Palermo. Ƙamshin ya tuna min da 'yan balangu. Muka shiga layi. Da aka zo kanmu na ɗaga yatsu uku na miƙa kuɗi. Dattijon ya kalli hulata, ya kalli hijabin Hajiya, sai ya ajiye cokali ya girgiza kai. Ya nuna man da ke tafasa a gefen tukunyar ya ce, "Strutto. Maiale." Yaron ya dafe kai ya ce, "Baba, kitsen alade ne."

Naman saniya ne, ba ƙarya, amma da kitsen alade ake soya shi. Zancen yankan Ahlul Kitabi kowa ya bi malaminsa, amma wannan kam babu saɓani a kansa. Mutumin nan da ya yi shiru ya karɓi kuɗinsa, wa zai sani? Ya zaɓi ya yi asarar ciniki uku. Ni ɗan kasuwa ne, na san nauyin wannan. Nan take na ce wa yaron ya tambaye shi inda shi kansa yake cin abinci. Wanda ya gaya maka gaskiyar da ta rage masa riba, shi ne za ka bi kwatancensa.

Ya tura mu wani lungu bayan rumfunan kifi, gida mai tebur bai fi takwas ba, babu hoto, babu mai kira. Abincin ranar an rubuta shi da alli, kala biyar kacal, kuma wannan alama ce mai kyau: wanda ya jera abinci hamsin ba yau ya dafa su ba. Muka fara da "panelle", garin wani wake mai kama da gurjiya da ake tuƙawa a yanka a soya. Hajiya ta ce ƙanin ƙosai ne da ya yi boko. Sai "caponata", yalo baƙi da zaitun a miya mai zaƙi da tsami. Sannan taliya da sadin ɗanye na ranar, da zabibi da wani ganye mai ƙamshi. Mu uku muka ƙoshi da abin da bai kai rabin kuɗin daren jiya ba.

Daga ranar na haddace kalmomi huɗu kamar karatun allo: "maiale" alade, "strutto" kitsensa, "prosciutto" namansa da ake yanka siriri, "vino" giya. "Senza" kuma na nufin ban da. Ka tambaya ko da abin bai yi kama da nama ba. Dunƙulen shinkafar nan da suke soyawa, "arancina", wani akwai naman alade a cikinsa. "Cannolo", kayan zaƙin da kowane baƙo ke rububi, a gargajiyance da kitsen alade da giya ake kwaɓa ɓawonsa. Miyar kifi ma wasu sukan zuba mata giya. Ba wanda ya ɓata rai don mun tambaya. Wata mata har kicin ta shiga ta fito mana da galan ɗin man da take suya da shi.

Kafin mu tashi, mai gidan abincin ya ce kada mu bar tsibirin ba mu je Trapani ba, a gaɓar yamma, tafiyar kusan awa biyu a bas. Can abincinsu na gado kuskus ne da romon kifi, makwabtaka da Tunisiya ta kawo. Da hannu suke murza tsakin da ruwa kaɗan-kaɗan, su turara a tukunyar ƙasa mai huji. Hajiya na gani ta ce, "Wannan ai madambaci ne!" Ita da mai girkin ba su da yare ɗaya, amma sun fi rabin awa suna nuna wa juna yadda ake murza da tafin hannu. A nan ma mun bi ƙa'idar: muka sayi inabi wurin wata tsohuwa, sannan muka tambaye ta ina take kai baƙinta.

Ranar da za mu bar Palermo na koma Ballarò ni kaɗai. A jakata akwai sauran goro da na taho da shi daga Kumasi, na zaɓi farare biyar na kai wa mai saifa. Ya gutsura ɗaya, ɗacin ya kama shi, ya yamutsa fuska, 'yan layi suka fashe da dariya. Ya sa sauran a aljihun gaban rigarsa, ya dafa ƙirji, ni ma na dafa nawa.

Yaron ya bugo waya watan jiya, ya ce yanzu a garin da yake aiki ma ya daina shiga gidan abinci mai hoto a ƙofa. Wai kasuwa yake fara zuwa ya tambaya.