Zabon Maraɗi

A hutun Kirsimeti 'yan'uwa na ekklesiyar Tsibiri suka gayyace mu, ni da maiɗakina. Bayan sujada suka kai mu wani lambun shaƙatawa a Maraɗi, mai lilon yara da ɗakin cin abinci. Sunan wurin Faransanci ne, takardar abincin ma haka. Shekara 20 ina koyarwa, amma ranar na koma ɗan aji ɗaya. Na dangwala yatsa a kan "pintade".

Yaron da ke hidima, da tsagen Gobir a kumatunsa, ya ce, "Baba, zabo ne fa."

Kakanninsa da na ɗalibanmu na Sabon Birni gida ɗaya ne. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga can kuma waɗansu suka zo suka kafa Sabon Birni. Ingila da Faransa ne suka ja layi a tsakani: shi aka koya masa Faransanci, ku Turanci. Masu zillewa ajin Faransanci, ƙasar nan fa ba ta da nisa.

Zabon ya yi daɗi, sai dai jaka uku na sefa ya yi tsada. Muka yi addu'ar godiya da Hausa, yaron na tsaye da ruwan wanke hannu har muka ce amin.