Daga Bomo Zuwa Ƙofar Doka: Ganuwa Da Darasin Rumawa

In muka tashi daga Bomo muka nufi Birnin Zariya, tafiyar 'yan mil kaɗan ce, amma zamani bayan zamani muke ratsawa. Mukan fara da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962. Daga nan sai Sabon Gari, wanda hanyar jirgin ƙasa ta raya bayan Turawa sun ci Zariya a 1902. In muka haye Kubanni muka wuce Tudun Wada, sai ga mu a Ƙofar Doka, gaban tsohuwar ganuwa.

A nan ya kamata mu dakata. Wannan tudun jar ƙasa da ruwan damina ke zaizayewa, dā shi ne alfaharin daular Zazzau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina cikin Infaƙul Maisuri, Tarihin Kano kuwa ya nuna har Kwararrafa da Nupe sun bi ta. Amma a 1808 jama'ar Malam Musa suka shiga birnin da tutar Shehu. Sarki Makau ya fice ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Ganuwa na tsaye, mulki ya tafi.

Haka ya faru ga Rumawa, waɗanda ƙarfinsu ya ninka na Zazzau nesa ba kusa ba. Daga gari guda a ƙasar Italiya suka mallaki duk gaɓar Bahar Rum, tun daga Ingila har Masar da Sham. Sai ruɓa ta fara daga ciki. A shekarar 193 sojojin fada suka kashe Ƙaisar, suka yi gwanjon gadon sarauta ga wanda ya fi tayi. Sarakuna suka yi ta rage azurfar da ke cikin kuɗi suna cika ta da tagulla, kaya suka yi tsada, har a 301 aka kafa dokar ƙayyade farashi, ba ta kuwa yi amfani ba. Haraji ya yi wa manoma nauyi. Sun kewaye birnin Rum da ganuwa mai tsawon mil 12, duk da haka aka shige shi aka washe a 410, daular yamma ta faɗi a 476. Ta gabas, wadda Suratur Rum ta ba da labarin yaƙinta da Farisa, ta jima har 1453, sa'ad da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci Ƙusɗanɗiniyya.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan ƙasar Hausa da su: haraji wanda shari'a ba ta aza ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da ƙwace kayan mutane a kasuwa. Mai lura zai ga ciwon guda ne da na Rumawa.

To, 'yan'uwa, wannan magana tamu ce. Ɗan kasuwar da ya bubbuge gindin mudu a Sabon Gari ɗan'uwan mai gauraya azurfa da tagulla ne. Ma'aikacin da ya danne fayil sai an ba shi goro, gwanjon amana yake yi, ko da kujerarsa ƙarama ce. Irin waɗannan su ne garar da ke cin ƙasa tun abokan gaba ba su iso ƙofa ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya tsare mu da cin amana. Amin.