Ƙarƙashin Katakon da Muke Takawa

Duk wanda ya saba sauka bakin ruwa a nan Cable Point ya san idan hunturu ya kama, Kwara ta fara ja da baya, yashi ya fito fili, to lokacin gyaran jirage ya yi. Za ka ga an jawo su gefe an tokare da gungume, masu fenti na ta faman aiki. Wannan shuɗi, wancan kore, a rangaɗa suna da manyan baƙaƙe, wani har addu'a yake sa a rubuta masa a goshin jirgi. Ni ba na ƙin ado. Sai dai a shekara 11 da na yi ina aiki a jirgin ƙarfe mai injin gas, muna ɗaukar yashi, wani lokaci doya daga wajen Anam zuwa kasuwar Ose a Onitsha, masu jirgin da na ga sun sa an ɗaga katakon da ake takawa don a duba abin da ke ƙasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, ƙarƙashin wannan katako rami ne da ya bi tsawon jirgin, kuma nan ne komai yake gangarawa. Ruwan sama, ruwan da ke tsiyaya daga jiƙaƙƙen yashi, baƙin mai da ke ɗiga daga inji, gas da ya zube lokacin ɗura tanki, ɓawon doya, ledar fiya-wata, har silifas ɗin yaro na taɓa tsinta. Idan suka haɗu suka kwana biyu sai su zama wani baƙin kunu mai wari, wanda in ya taɓa rigarka sai dai ka mayar da ita tsumma. A ƙarƙashin kunun nan kuwa farantin ƙarfe ne da kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Daga shi sai kogi.

Wani dattijo Banufe da muke kira Baba, wanda a hannunsa na koyi aikin, shi ya fara nuna mini cewa jirgin ƙarfe daga ciki yake mutuwa. Mutane suna ɗauka ruwan waje ne ke cin jirgi. Wajen kuwa kowa na ganinsa, ana kankarewa ana shafawa duk shekara. Ciki ne ruwa ke kwanciya wata da watanni, yashi ya riƙe laima, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Akwai ƙarafa da aka gitta a gindin jirgi kamar haƙarƙari, kowanne an huda masa 'yar kafa a ƙasa don ruwa ya bi ya taru wuri ɗaya inda famfo zai zuƙe shi. To waɗannan kafofin su ne suke fara toshewa. Da sun toshe, kowane tsakanin haƙarƙari ya zama tafkin kansa: famfo yana jan iska a baya, ruwa na kwance a gaba, matuƙi kuma hankalinsa kwance wai jirginsa a bushe yake.

Aikin wankin ba ya son gaggawa, kuma ba wanda ke son yinsa, shi ya sa ake tura wa ƙaramin yaron jirgi. A ganina wannan ba daidai ba ne, domin mai wankin shi ne zai fara ganin ciwon jirgi, kuma yaro bai san abin da yake kallo ba. Mu dai tare muke shiga. Da farko a cire batir a fitar da shi waje gaba ɗaya. A lulluɓe inda inji ke shaƙar iska, da kan wayoyi, da leda a ɗaure. Sannan a kwarfe ruwan da bokiti da yankakkiyar jarka. Abin da ya rage mai kauri, dusar katako muke zubawa a kai, buhu biyu ko uku daga wajen masu yankan katako, a bar ta ta sha, a kwashe da shebur. Sai ruwan zafi da omo da buroshi mai tauri, a wanke, a ɗauraye, a sake wankewa. Ƙarƙashin inji sai an yi sau uku ko huɗu, ana kwance rub da ciki ana miƙa hannu inda ido ba ya kaiwa. Gwajin Baba shi ne farin tsumma: a goga a ƙarfen, in ya fito da baƙi, ba a gama ba. Fenti ba ya kama mai. Ko na nawa ka saya, in akwai maiƙo a ƙasa, kafin damina ta raba zai ɗaye kamar fatar maciji.

Wata al'ada da nake roƙon 'yan'uwa su bari ita ce wanke inji da fetur. Gaskiya yana cire maiƙo nan take. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya tafi, gangarawa yake ya kwanta a ramin nan inda babu taga. Tina da ake sirka fenti da ita ma haka take. Tartsatsi ɗaya daga kan batir, ko wani ya leƙo da sigari a baki, shi ke nan. Ranar da muke fenti ba a walda ko a kusa da mu, ba a kunna injin gurza ƙarfe, duk katako a ɗage yake, kuma dole mutum ɗaya ya zauna a sama yana kallon wanda ke ciki. In na ciki ya fara jin jiri ko ya fara surutu ba kai, a fito da shi, kada a tsaya tambayarsa.

Sai batun ruwan wankin. Abu mafi sauƙi shi ne a kunna famfo a tura shi kogi, kuma da yawa haka suke yi da dare. Amma mu nan muke zaune. A ƙasa da inda ake zubarwa matanmu suke wanki, yaranmu suke wanka, masunta suke jefa taru. Mu a duro muke tarawa mu bar shi ya kwana biyu, man ya taso sama, a yaɗe shi a jarka. Masu buga bulo da masu injin yankan itace suna karɓa, har ɗan kuɗin shayi ake samu.

Bayan wanki ne ake sanin gaskiyar jirgi. A ɗauki ƙaramar guduma a bi farantin ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa a sake take, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ta a dushe, wani wurin ma ɓawo ya faɗo kamar ƙanzo. Ramuka ƙanana masu zurfi sun fi faffaɗar tsatsa haɗari, don su ne ke ɓulewa. Duk inda ake shakka a zagaye da alli, mai walda ya zo ya yanke ya sa faci kafin a buɗe gwangwanin fenti ko ɗaya. A duba kuma inda sandar farfela ta huda bayan jirgi ta fita. Igiya ce mai giris ake cusawa a wurin a ɗaure da noti. Ɗigo kaɗan lokacin da inji ke tafiya ba laifi ba ne, shi ke sanyaya wurin, amma in jirgi na tsaye ruwa na zuba, igiyar ta gama aiki.

Daga nan sai buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya nuna fuskarsa, a share ƙurar tsaf. Dalilin da ya sa muke jiran hunturu ke nan: a ƙasar nan in ba lokacinsa ba iska ɗauke take da ruwa. Ko a hunturun ma ba a fenti da sassafe, saboda raɓa na kwanciya a ƙarfe ko ido bai gan ta ba. A bari hantsi ya ɗaga, ka ɗora tafin hannu ka ji ɗumi. Jan fentin nan mai hana tsatsa shi ne na farko, shafi biyu marasa kauri, a fara da lunguna da kan walda da ƙaramin buroshi. Mai hali yana sayen wanda ake haɗa gwangwani biyu, ya fi jure mai da ruwa nesa ba kusa ba, sai dai in ka haɗa da yawa zai daskare maka a bokiti kana kallo.

Inda muke samun saɓani da masu jirgi shi ne launin shafin ƙarshe. Akwai wanda na yi wa aiki, da na ce fari za a sa a ɗakin inji sai ya yi dariya. "Malam, asibiti za ka buɗe mini? Ga kwalta can, shafa kawai." Na ce, "Alhaji, kwalta tana rufe ido ne. In mai ya zuba a kanta narkewa take, kuma ba za ka san daga ina ya fito ba." Bai yarda ba, ni ma ban shafa ba, wani ya kira. A kan farin ƙasa ko toka-toka mai haske, kowane ɗigo yana faɗin sunansa. Baƙi mai kauri, man inji ne. Mai ruwan zuma da wari, gas ne, a bi bututu. Jan layi da ya gangaro daga gindin haƙarƙari, tsatsa ce ta dawo. Ruwa garau a inda jiya babu, to kogi ne ya samu ƙofa. Yaron da bai wuce wata ɗaya a jirgi ba, ba shi tocila da asuba zai karanta maka wannan.

Mun ji abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a 2021, da na Patigi a 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Waɗancan jiragen katako ne, kuma lodi fiye da kima da tafiyar dare aka fi ambata. Hukumar NIWA tana ta maganar rigar ruwa da hana tafiyar dare, kuma da gaskiyarta. Amma jami'i ba zai sauko ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin injin kowa ba, sai mu da muke ciki.

Namu jirgin bara muka yi masa, kwana tara ya ci, biyu a ciki jiran fenti ne ya bushe kafin a mayar da katako. Wajen watan Yuli yaronmu ya kira ni da safe ya haska mini wani siririn jan layi a haƙarƙari na uku daga inji. Mai walda ya yanke wurin da bai fi tafin hannu ba, ya ɗaga shi sama ya nuna wa maigida, rana na ɓullowa ta tsakiyarsa. Kafin la'asar an sa faci, muka shafa ja, washegari fari, ranar Asabar muka ɗauki lodi.