Kwana Uku a Kwoi, Ƙasar Citta

Tun ina yaro nake shan citta cikin kunu da koko da fura, amma ban taɓa ganin gonarta da idona ba sai a watan Disamba na 2024. Wani abokina mai bishara, wanda muka yi makaranta tare, shi ya gayyace ni bikin auren ƙanwarsa a Kwoi. Ran Jumma'a da sassafe na shiga mota a Jos. Muka gangara daga kan tudu, muka bi ta Manchok, muka wuce gindin dutsen Kagoro, muka tsaya a Kafanchan domin a canja mota. Daga nan zuwa Kwoi ba nisa sosai.

A tashar Kafanchan ne na jawo wa kaina wahala. Yunwa ta kama ni, na sayi ƙosai mai sanyi wanda ya sha mai, na bi shi da gyaɗa, na kora da lemun kwalba. Kafin mu isa Kwoi cikina ya kumbura kamar ganga, zuciyata tana tashi, ina ta roƙon Allah kada in ba da kunya cikin motar mutane.

Kwoi ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna. Hausawa ne suke ce wa mutanen wurin Jaba. Su da kansu Ham suke kiran kansu, harshensu kuwa Hyam. Masu aikin bishara na SIM sun kafa tasha a garin a 1910, saboda haka ekklesiyar wurin tsohuwa ce, ta girmi ECWA kanta, wadda aka kafa a 1954. Ƙauyen Nok ma yana nan kusa, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, aikin mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Amma ran nan ba tarihi ne a gabana ba, cikina ne.

Aka sauke ni a gidan iyayen abokina. Da na durƙusa na gai da mahaifiyarsa, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba ka da lafiya."

Na ce, "Mama, lafiyata ƙalau, gajiyar hanya ce kawai."

Ta ce, "Gajiya ba ta sa mutum ya riƙe ciki. Zauna nan."

Bari in faɗa muku abin da ta yi, gama ina kallonta daga kan kujera, daga baya kuma na tambaye ta har na rubuta. Ta ɗauko ɗanyar citta, yanki kamar tsawon babban yatsa, ta wanke, ta kankare bayanta da cokali, ta dandaƙa a ƙaramin turmi. Ta zuba ruwa kofi uku a tukunya, ta sa cittar, ta jefa kanumfari uku da kimba rabin sili, ta rufe. Da ya tafasa sai ta janye itace, ta bar shi yana ɓararraka a hankali wajen minti 10. Ta sauke, ta tace, ta matsa lemun tsami kaɗan, ta sa zuma cokali ɗaya. Ba madara, ba ganyen shayi. Ta ce in riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, kada in kwankwaɗa.

Kurɓar farko sai da hawaye ya zo mini. Cittar da na saba da ita a kasuwa, wadda ta shekara cikin buhu, ba ta kama ƙafar wannan ba. Zafin ya bi maƙogwaro ya sauka har ciki, gumi ya karyo mini a goshi. Kafin in gama kofi sai ga gyatsa, babba, a gaban iyayen mutane. Mahaifin abokina, dattijon ekklesiya ne, ya yi dariya ya ce kada in ji kunya, ai Timoti ma ya sha fama da ciki har sai da Bulus ya rubuta masa shawara a kai. Da magariba na ci tuwon dawa da miyar karkashi kamar ba ni ba.

Abin nan ba tsafi ba ne. Cikin citta akwai wani abu mai yaji da masana ke kira jinjarol, shi ne yake taimakon ciki ya tura abinci gaba da sauri, yana kuma kwantar da tashin zuciya. Likitoci sun gwada ta ga mata masu laulayin ciki, an ga tana taimako, muddin an tsaya kan kaɗan, wajen giram 1 na busasshiya a yini. In aka shanya citta kuwa, wani kashi na abin nan yakan juya ya zama wani mai yaji fiye da na farko. Shi ya sa garin busasshiya rabin ƙaramin cokali yakan ishi kofi guda.

Washegari tun kafin rana ta fito na ji muryoyin mata a bayan gida. Na leƙa, sai na ga su shida zaune a kan duwatsu, kowace da wuƙa da daro, ga tulin citta a tsakiya. Suna tsaga kowane yatsa gida biyu a tsaye, suna jefawa cikin daro, yara kuma suna kwashewa suna bazawa a kan fa domin iskar hunturu ta busar. Hannunsu yana tafiya kamar ba sa dubawa. Na karɓi wuƙa na gwada, ban tsaga goma ba na yanke yatsa, ruwan cittar ya shiga ciwon, na yi tsalle. Suka yi ta dariya. Wata ta nuna mini tafin hannunta, duk ya yi kanta, ta ce da kuɗin wannan tsaga ta biya wa 'ya'yanta uku makaranta.

Bayan karin kumallo Baba ya ce in zo mu je gona, da yake ɗaurin aure sai da rana. A hanya ya koya mini abin da ban sani ba. Iri biyu suke shukawa. Akwai Tafin Giwa, mai kauri, cikinta rawaya; akwai Yatsun Biri, sirara, cikinta da ɗan duhu, ta fi yaji. Ita citta ba ta da ƙwayar da ake shukawa, jikinta ne irinta. Manomi yakan ware wani kashi na amfanin bana ya ɓoye a inuwa, in ruwa ya sauka a watan Afrilu ko Mayu ya yayyanka shi gutsi gutsi, kowane da ido, ya binne a ƙasar da aka kafce da zurfi. Sa'an nan a rufe gonar duka da ciyawa da ganye, waɗanda mata da yara suke ɗaukowa a ka daga daji. Noman ma da hannu ake cira, gama fartanya takan sare 'ya'yan. Wata bakwai ko takwas ana wannan hidima kafin ganye ya bushe a tona. Bayan an tsaga an shanya, buhu huɗu ko biyar na ɗanya da ƙyar su ba da nauyin buhu ɗaya.

Asalin citta daga ƙasashen Asiya ne. An fara nomanta domin sayarwa a kudancin lardin Zariya wajen 1927, daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa. Daga nan ta bazu a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, har jihar Kaduna ta zama ita ke noma mafi yawan cittar Nijeriya. 'Yan kasuwa na ƙasashen waje suna sonta saboda yajinta da yawan manta. Baba ya nuna mini rufin kwano na gidaje da muke wucewa, ya ce, "Duk wanda ka gani, citta ce ta rufa shi. Majami'armu ma haka."

Da muka isa gonar sai na ga abin da ya sa ya kawo ni. Fili ne babba, amma wurin da aka tone citta bai fi faɗin tsakar gida ba. Sauran duk karan dawa ne da gangamau.

Ya tsaya shiru, sa'an nan ya ba ni labarin daminar 2023. Shuka ta yi kyau a shekarar, har ya ci bashi ya ƙara taki. Ana tsakiyar damina sai ganye ya fara yin rawaya daga ƙasa. Cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an bi ta da wuta. In ka ja kara sai ya fito a hannunka, ƙasan ya ruɓe yana wari. Cuta ce irin ta fumfuna, tana bin ƙasa mai jiƙa, tana kuma bin iri daga gona zuwa gona. Ba gonarsa kaɗai ba; ta cinye gonaki a kudancin Kaduna, ta taɓa na Nasarawa da Filato da kewayen Abuja. Wanda ya yi hasarar masara yana iya sayen mudun iri ya sake. Mai citta kuwa ya rasa amfani, ya rasa iri a tashi ɗaya. Kuɗinta ya hau sama ƙwarai a kasuwa, amma me tsada za ta yi wa wanda ba shi da abin sayarwa?

Na ce, "Baba, yaya kuka yi da bashin?"

Ya ce, "Na sayar da shanun huɗa. Auren nan da ka zo, bara ya kamata a yi shi."

Ban sami abin faɗi ba. Na tuna da yadda nakan tsaya a kasuwar Jos ina yi wa mai kayan yaji tsiya don ya rage mini yatsa ɗaya, ina cewa 'yan kasuwa sun cika haɗama. A ganina yawancinmu mutanen birni haka muke, mun san kuɗin abu, ba mu san wanda ya durƙusa a kansa ba.

Aka ɗaura aure lafiya. 'Yan Zumuntar Mata suka cika majami'a da tulu da kacau-kacau, aka ci aka sha, aka yi ta rawa har rana ta faɗi. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun san bikinmu.

Da dare gida ya yi tsit, amma ni barci ya ƙi zuwa, maganar gonar nan tana yi mini yawo a ka. Na fito tsakar gida na tarar da Mama da babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, suna jin ɗumi. Mama ta ce in dafa mini abin sha? Na ce ko shayi ma ya isa. 'Yar ta ce a'a, ganyen shayi yana da abin nan mai hana barci, irin wanda ke cikin goro, bai kamata da dare ba. Mama ta zaga bayan ɗaki da fitila, ta yanko wata ciyawa mai dogon ganye mai ƙanshin lemun tsami, ta tsinko na'ana'a a gefen randa inda ruwa ke ɗiga. Ta ƙulle ciyawar ta dafa minti biyar, ta sauke tukuna ta jefa na'ana'a ta rufe, gama in aka tafasa ta ƙanshinta yakan gudu. Wannan ba yaji ko kaɗan. Ko ganyen ne ya yi aiki, ko ɗumin kofi a hannu da zama kusa da wuta tare da mutanen kirki, ni dai na ji kafaɗuna sun sauka.

Muna sha, 'yar tana yi mana faɗa irin na ma'aikatan asibiti. Ta ce mutanenmu in sun ji abu yana da amfani sai su cika tukunya da shi. Citta da yawa takan jawo ƙwannafi, na'ana'a ma takan ƙara wa mai ƙwannafi damuwa. Wanda likita ya sa wa maganin tsinka jini kada ya mai da citta abin shan kullum sai ya tambaya. Zoɓo yana saukar da jini kaɗan, saboda haka mai shan maganin hawan jini ya yi hankali. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi zuma ko ɗigo. Abin da ya fi ba ta haushi kuwa shi ne masu gyambon ciki, waɗanda sukan yi wata da watanni suna dafe-dafe a gida, alhali yawancin gyambon nan ƙwayar cuta ce ke kawo shi, akwai kuma maganin da ke kashe ta. Ciwon cikin da ya wuce mako biyu, ko wanda ya zo da rama, ko amai da jini, ko baƙin bayan gida, wannan ba na tukunya ba ne, na asibiti ne.

Mama ta ce, "To likita, mun ji." Ta juyo wurina ta ce, "Da kuɗin citta aka koya mata wannan bakin."

Ran Lahadi aka yi sujadar godiya ta kaka. Aka shigo da dammunan dawa, da doya, da kaji, kowace unguwa da waƙarta. Abokina ya raɗa mini cewa a shekarun baya buhunan citta sukan tare gaban bagade har mai wa'azi ya rasa wurin wucewa. Ran nan na ƙirga kwanduna huɗu, ƙanana. Ɗaya daga ciki Baba ne ya ɗauko a kafaɗa, Mama tana biye da shi tana rawa. Fasto ya yi addu'a domin ƙasa, da iri, da masu binciken maganin cutar, da waɗanda bashi ya hana su zuwa sujada don kunya. Amin ɗin da jama'a suka amsa sai da na ji shi a ƙirjina.

Da zan tafi na roƙi Baba ya sayar mini da ɗanya yatsa biyu in gwada shukawa a bayan ɗakina. Ya ƙi. Ya ce ko da ta yi kyau a ido, bai san abin da ke cikinta ba, ba zai so a ce daga gonarsa cuta ta hau Jos ba. Mama kuwa ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin busasshiya cikin tsumma, wajen rabin mudu, da saiwar ciyawar nan mai ƙanshi a cikin gwangwani. Na sa hannu a aljihu.

Ta ce, "Ɗana, in ka fito da kuɗin nan, kada ka ƙara taka gidan nan."

Na mayar. Ta raka ni har bakin hanya tana maimaita mini: rabin ƙaramin cokali a kofi, kanumfari kada ya wuce uku, kuma in na iso Kafanchan in wuce mai ƙosai.