Filin Mata: Mu Je Mu Ga Birnin Dabo, Amma Mu Tafi da Ɗan Jagora

'Yan'uwana mata na Bebeji da Kiru da Ba'awa, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, da ku 'yan makaranta. Yau zancenmu na yawon buɗe ido ne.

A ƙasar Japan akwai wani gari ana ce da shi Himeji. Bisa wani tudu a tsakiyarsa akwai tsohuwar fadar sarakunan yaƙi, fara fat, har mutanen wurin suna yi mata kirari da farar balbela. An gama babban gininta a 1609. A yaƙin duniya na biyu, cikin 1945, jiragen sama suka ƙone yawancin garin, amma Allah ya tsare fadar. Yanzu mutane suna zuwa kallonta daga ko'ina. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, akwai mutanen gari, maza da mata, waɗanda suka ɗaukar wa kansu aikin zagawa da baƙi kyauta. Su ne za su nuna maka tagar da ake harbi ta cikinta, da dalilin da ya sa hanyar shiga take ta karkacewa, watau don a rikita abokan gaba.

To, mu fa? Da yawa daga cikinmu mun sha shiga Kano, ko don asibiti, ko don sayayyar kayan ɗaki, ko don biki. Mukan wuce ta ƙofar da ta shekara ɗaruruwa, hankalinmu yana kan jaka da goyo, ba mu ko ɗaga kai. Gini kuwa ba shi da baki. In ba a sami mai ba da labarinsa ba, tarin ƙasa ne kawai, wanda kowa zai iya ɗiba ya yi tubali.

Tun daga gida za a fara. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa, zango ne babba a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya bi ta nan a 1826, ya kuwa sa garin cikin littafinsa. Akwai tsohon masallaci na zamanin Haɓe a garin, wanda gwamnatin Nijeriya ta lissafa cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Har wa yau a Bebeji ne rundunar Kanar Morland, sojoji fiye da 700 da suka taso daga Zariya, suka fara gamuwa da faɗa a ƙasar Kano, ran 1 ga Fabrairu 1903. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa. Aka harba igwa, ƙofa ta fashe, Sarkin Bebeji ya rasu nan take tare da waɗansu manyan mutanensa. Bayan kwana biyu, ran 3 ga wata, sojojin suka iso Kano. Ashe kun gani, duk wadda ta shiga mota daga wajenmu zuwa birni, kusan sawun wannan runduna take bi, tafiyar wajen mil 30. Tafkin Bagauda da ke kusa da mu kuwa sunan sarkin Kano na farko ya ci, wanda littafin Tarihin Kano ya ce ya hau mulki a shekarar 999.

Kafin ranar tafiya sai a yi shiri. Matan aure su nemi izinin maigida, su haɗu su biyar ko shida, a tafi da dattijuwa guda da wani muharrami. 'Yan makaranta su roƙi malamarsu ta shirya musu. Kada a zaɓi Jumma'a, domin cunkoson masallaci da fada zai hana ku sakewa. A tashi da sassafe, a ɗauki ruwan sha da takalmi marar tsini, da ɗan littafi da fensir. Mutanen Doguwa da Tudun Wada za su fito Kwanar Dangora su hau hanyar Zariya, daga nan sai Chiromawa, sai Kura. Ku riƙe sunan Kura, za mu komo kansa.

In kun isa birni, ku fara da Gidan Makama, kusa da fada. Nan ne gidan ajiye kayan tarihi, akwai kuwa ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan bayani. Ku roƙa a haɗa ku da ɗaya, ku kuma tambaye su wanda zai iya raka ku sauran wurare. In ɗan jagora na haya ne, a yanke ladansa tun da fari, kada a zo ƙarshe a yi ta ja-in-ja. Gidan kansa abin kallo ne. Ku ɗaga kai ku dubi yadda magina suka lanƙwasa azara da ƙasa suka yi bakan gizo, har ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi ba. Ku lura da sanyin ciki, ko da rana tana ƙuna a waje. Za a nuna muku tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da kayan saƙa da na kaɗi irin na kakanninmu.

A nan za ku ji sunan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. An ce a wannan gida ya zauna kafin ya hau gado. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. A zamaninsa ne babban malamin nan Al-Maghili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan yadda ake mulki.

To, ga inda nake so ku yi wayo. 'Yan jagora sun saba jera sunayen sarakuna da yaƙoƙi, su tsallake mata. Ku ce, "Malam, ina labarin Madaki Auwa?" Ita ce matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Muhammadu Kisoki wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta cikin masu ƙarfin faɗa a ji, ita da Iya Lamis, uwar Kisoki. Wannan littafi ne kuma ya ce Rumfa ya fara kulle a Kano. Ashe zaman da yawancinmu muke yi a cikin gida yana da mafari, yana da shekaru, kamar kowane abu. Ɗan jagora na ƙwarai yana murna da mai tambaya. Wanda ya ɓata rai don an tambaye shi, haddace labarin ya yi kawai.

Daga nan ku wuce ta gaban fada, ku dubi Ƙofar Kudu daga fili, sa'an nan babban masallaci mai koriyar ƙubba, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ku bi titi zuwa Ƙofar Mata, inda marina take. An ce tun 1498 ake rini a wurin. Ku tsaya ku ga yadda ake haɗa baba da toka a cikin ramin ruwa, a bar shi kwanaki ya tsima, a riƙa motsawa da muciya. Abin mamaki, in an tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi. Saboda haka ne marini yake ta tsomawa yana ɗagowa har launi ya kama. Ƙulle-ƙullen da ke fitar da ado a jikin zanen kuwa, yawanci mata ne suke yinsa a cikin gida da zare da allura. Daga marina sai wurin mabuga, inda ake dukan tufa da guduma ta itace har ta yi ƙyalli. Garin Kura da kuka wuce da safe shi ne ya yi suna da irin wannan baƙin rawani mai walƙiya, ɗan Kura, wanda Buzaye suke so ƙwarai. Wani Bajamushe, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Yau kuwa za ku ga ramuka da yawa a bushe, domin atamfar waje da rinin kanti sun ci kasuwar. In da hali, kowace ta sayi ko ɗankwali ne.

Sai Kurmi. A nan kam ɗan jagora wajibi ne, don lungunanta sun fi ƙarfin baƙo. Za ku tarar da layin dukawa, da masu turare, da masu ƙwarya, da masu littattafai, da kayan adon mata, su kwalli da murjani da tsakiya. Ku tambayi sunayen unguwannin da ke kewaye, domin kowane suna labari ne. Zangon Barebari masaukin mutanen Barno ne. Tudun Nufawa na Nufawa ne. Sharifai mazaunin zuriyar Al-Maghili ne. Dandalin Turawa kuwa unguwar Larabawa ce, domin a da can su ake kira Turawa, tun kafin Nasara su zo.

In rana ta yi sanyi sai a hau Dala. Akwai matakala, ko dattijuwa za ta iya in ta bi a hankali. A nan ne aka ce Barbushe ya zauna yana tsafin Tsumburbura kafin zuwan Musulunci, masu binciken ƙasa kuma sun sami alamar narka tama a wurin ta fiye da shekara 1,000. Daga bisa za ku hangi birni duka: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin masallaci, ga rufin Kurmi.

Daga nan bisa kuma za ku ga abin da ya sa na rubuta wannan. Ku ce ɗan jagora ya nuna muku badala. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Turawan da suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsawonta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40. Yau a wurare da yawa sai dai a nuna muku inda take a da. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, gidaje da kantuna sun hau sauran. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa shiga kayan tarihi na duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata da siminti. Fadar Himeji kuwa ta shiga wannan lissafi na duniya tun 1993, kuma daga 2009 zuwa 2015 aka yi ta gyaran rufinta da yaɓenta. Labudda gwamnatinsu ta kashe kuɗi, amma gwamnati takan kashe kuɗi ne a kan abin da ta ga jama'a ba za su yarda ya ɓata ba. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, kamar ɗakin kowace ɗayanmu. A da, sarki yakan sa a fito gayyar gyaran ganuwa bayan damina. Da aka daina, sai ta fara zubewa.

Mu mata ba mu da iko a kan titi ko fili, amma yara a hannunmu suke tashi. Yaron da uwarsa ta gaya masa abin da ya faru a ƙofar Bebeji zai yi nauyin hannu kafin ya kai diga jikin abin da ya rage. Saboda haka ga aikin da nake ba ku, 'yan makaranta. In kun komo gida, kowace ta sami tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarsu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Kaka, ina ƙofofin garin nan suke a da, mene ne sunayensu? Ina marina take? Ta ina fatake suke shigowa? Me kakarki ta gaya miki game da zuwan Nasara?" Ku rubuta duk abin da ta faɗi, da sunan unguwa da kwanan wata, ku kai wa malama ta adana. Kada ku ce sai baɗi, domin tsofaffin nan ba za su jira mu ba.

Wadda ta yi haka a Kiru ko Tudun Wada ko Riruwai, ranar da baƙi suka zo garinsu ita za a nema ta zaga da su. Wadda kuma ta samo labari mai daɗi, ta aiko wa wannan fili, za mu buga don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.